Ko Zoɓo Zai Ba Mu Wutar Lantarki?

Ana saura 'yan makonni damina ta sauka, muka yi taro da manoma a Farfaru, cikin Ƙaramar Hukumar Jibia. Abin da ya kai mu shi ne maganar irin gero mai saurin nuna da yadda za a tattala takin gida. Ba mu kai ga buɗe baki ba sai wani dattijo ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, kafin ka shiga maganar taki, ka warware mana wata. Yaran nan sun nuna mini a waya, wai Turawa sun gano ana samun wutar lantarki daga zoɓo. An ce nan da baɗi buhunsa zai fi na wake tsada. Ni kuwa gonata ta bayan gari ce kaɗai na ke iya zuwa yanzu. In zuba mata yakuwa duka, ko in bar gerona?"

Nan take wasu suka ce su ma sun ji. Har wani ya ce akwai baƙon da ya bi ƙauyuka ranar kasuwa yana rubuta sunayen mutane, yana karɓar kuɗin rajista, wai wani kamfani zai zo ya saye zoɓon duka don yin wuta. Muka ce, "Baba, ba za mu amsa maka da ka ba. Ka ba mu kwana goma, kada ka sayi iri tukuna, kada kuma kowa ya ba kowa ko kwabo." Abin da muka binciko, da gwajin da muka yi da hannunmu, shi ne muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu, gama tambayar ba ta Farfaru kaɗai ba ce.

MAGANAR TANA DA TUSHE

Da farko dai, yaran ba ƙarya suka yi ba. Akwai irin wannan ilimi, kuma ba sabo ba ne. A shekarar 1991 wasu masana biyu, Brian O'Regan da Michael Grätzel, suka buga rahoton wani sabon faifan hasken rana a mujallar kimiyya da a ke kira Nature. Grätzel malami ne a babbar makarantar fasaha ta birnin Lausanne a ƙasar Suwizalan. Faifan nasu ya sha bamban da baƙin faifan sola da mu ke gani a kan rufin shaguna. Shi wanda muka saba gani da silikon a ke yinsa, wato wani sinadari da a ke tacewa daga yashi a manyan masana'antu da wuta mai tsananin zafi. Nasu kuwa rini ne ke kama hasken. Faifan farko ya juya wajen kashi 7 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa ya zama lantarki. Saboda wannan aiki ne aka ba Grätzel wata babbar lambar yabo ta fasaha a ƙasar Finlan a 2010.

Dabarar daga ganye aka koye ta. Kowane manomi ya san geron da ya fito a inuwar bishiya ba ya yin kai mai kyau. Dalili shi ne koren launin da ke cikin ganye shi ne ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken nan ne tsiro ke haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Masana suka ce, tun da launi yana iya kama haske, me zai hana a sa shi ya tura ƙarfin cikin waya maimakon cikin kara?

Ga yadda abin ya ke. Ana samun gilashi biyu na musamman, waɗanda aka shafa wa gefe ɗaya wani siririn abu da ke barin lantarki ya wuce. A kan na farko sai a shafa wata farar hoda mai suna titaniyam dayoksaid. Kada sunan ya ba mu tsoro: ita ce ke sa farin fenti ya yi fari, tana kuma cikin wasu man goge baki. Sai a gasa gilashin har hodar ta kama. Daga nan a tsoma shi cikin rini, rinin ya kama hodar kamar yadda ya ke kama zane. Gilashi na biyu a shafa masa baƙin fensir ko hayaƙin kyandir. A haɗa su fuska da fuska, a ɗiga ruwan aidin a tsakani.

Idan rana ta bugi rinin, sai ƙananan ƙwayoyin lantarki, waɗanda masana ke kira ilektron, su zabura su bar shi su faɗa cikin farar hodar. Daga hodar su shiga gilashi, daga gilashi su bi waya, su yi aikin da aka sa su, su komo ta gilashi na biyu. A nan ruwan aidin ya ke ɗaukarsu ya mayar wa rinin, kamar ɗan aike. Rinin ya koma yadda ya ke, ya jira wani haske. Muddin akwai rana, haka za su yi ta zagayawa kamar guga a rijiya.

Rinin da su Grätzel suka yi aiki da shi ba na tsiro ba ne. An haɗa shi ne da wani ƙarfe mai suna ruteniyam, wanda yana cikin ƙarafan da suka fi wuyar samu a duniya, akasarinsa daga Afirka ta Kudu da Rasha a ke haƙo shi. Tsadarsa ce ta sa masana a ƙasashe da dama suka fara tambaya ko rinin furanni da 'ya'yan itace zai iya maye gurbinsa. A 1998 Grätzel da wani abokin aikinsa, Greg Smestad, suka nuna yadda 'yan makaranta za su iya haɗa ƙaramin faifai da ruwan wasu jajayen 'ya'yan itace na ƙasarsu. A 2007 wasu masana a ƙasar Tailan suka gwada zoɓo, irin namu ɗin nan da a ke jiƙawa da citta da kanumfari. Ya ba da wuta. Daga nan ne labarin ya samo asali.

GANI YA KORI JI

Muka nemi taimakon wani malamin kimiyya a Katsina, abokin karatunmu tun muna kwalejin horon malamai. Shi ya ba mu gilasan, kowanne bai fi faɗin akwatin ashana ba, da farar hodar, da ruwan aidin na ɗakin gwaji, wanda ba shi ne na wanke ciwo ba. Muka ari na'urar awon wuta a wurin wani mai gyaran rediyo. Muka tara manoman da 'yan makaranta a ƙarƙashin darbejiya.

Sai mu faɗi gaskiya, na farko bai yi ba. Mun shafa hodar a gefen gilashin da ba ya ɗaukar lantarki, muka kai rana, na'ura ta ƙi motsi. Yara suka yi ta dariya. Na biyu kuma muka sauke shi daga wuta da gaggawa, iska ta buge shi ya tsage. A na uku ne muka bi a hankali. Muka dama hodar da ɗan ruwan kal da ɗigon sabulun ruwa har ta yi kauri kamar kunu, muka shafa ta siririya, muka gasa wajen rabin awa. Da farko ta yi ruwan ƙasa, sa'an nan ta koma fara. Muka bar ta ta huce a inda ta ke.

Wata uwa daga cikin matan da suka zo kallo ita ta jiƙa mana zoɓon, mai kauri, ba sukari. Muka tsoma gilashin. Bayan ɗan lokaci muka ciro shi, ga farar hoda ta rine ta koma ja mai duhu, muka ɗauraye da ruwa, launin bai fita ba. Muka haɗa gilasan biyu, muka matse da abin matse takarda, muka ɗiga aidin, muka kai rana. Na'ura ta nuna ƙasa kaɗan da rabin bolt. Wani yaro ya rufe gilashin da hularsa, lamba ta faɗi. Ya ɗauke hula, ta sake tashi. Sai wurin ya yi tsit, sa'an nan aka ɗauki sowa.

Dattijon nan ya matso ya duba. Ya ce, "To, Malam, ashe gaskiya ne. Sa mini wayata ta ci wuta."

A nan ne fa maganar ta ke. Wannan ɗan gilashi ba zai iya kunna ko ƙwan tocila ba, balle ya yi cajin waya. Batirin tocila guda ɗaya bolt ɗaya da rabi ne, ya ninka shi sau uku, kuma ƙarfin wutar da ke gudu a cikin namu ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Amma bari mu ajiye wannan tukuna, mu ga abin da sauran rinin ƙasarmu suka yi.

SARKIN RINI YA FĀƊI

Ƙasar Hausa ba baƙuwar rini ba ce. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda a ke cewa tun 1498 aka kafa ta, har yanzu ana aiki a cikinta. A dā da wuya ka shiga babban gari a ƙasar Katsina ko ta Maraɗi ba ka sami karofi ba. Dukawa kuma suna rina jar fata da karan dafi, su jeme ta da bagaruwa, har fatun awakin ƙasar nan suka yi suna a ƙetaren Sahara. Mata suna da lalle, masu girki suna da gangamau. Saboda haka muka ce kowa ya kawo nasa a gwada.

Kowa ya sa ran baba ne zai zo na ɗaya, tun da shi ne sarkin rini. Sai ga shi shuni ya ƙi kama hodar, da muka ɗauraye ya bi ruwa. Wani tsoho wanda mahaifinsa marini ne ya ce bai yi mamaki ba, gama shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Dole sai an haɗa shi da toka a karofi, an yi kwanaki ana motsawa har ya nuna, sa'an nan zane ya sha, iska kuma ta mai da shi shuɗi. Masana ma haka suka ce ta hanyarsu: kafin rini ya yi aiki a wannan faifai sai yana da wasu ƙananan hannuwa da zai riƙe farar hodar da su, shuni kuwa ba shi da irinsu. Jan launin zoɓo, wanda a ke kira antosayanin, yana da su.

Karan dafi, da muka jiƙa shi a sifirit, ya rina hodar ya kuma motsa na'ura. Launinsa dangin na zoɓo ne. Lalle da gangamau sun motsa ta kaɗan. A gwajin namu dai zoɓo ne ya fi. Muka kuma ga wani abin da matan gida suka riga mu sani. Da muka jefa kanwa a ruwan zoɓo, sai ya bar ja ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, ya lalace. Da muka matsa lemon tsami a wani, sai ja ya ƙara fitowa. Masanan Tailan ɗin nan su ma sun tarar zoɓo ya fi ba da wuta in ruwansa ya yi tsami sosai, kuma ba a tafasa shi ya wuce kima ba.

BARI MU YI LISSAFI

Manomi ba ya sayen sa sai ya duba haƙoransa. Mu ma bari mu duba haƙoran wannan faifai.

Da tsakar rana, in sama ta yi garau, hasken da ke sauka a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya kai wajen wat 1,000. Faifan silikon mai kyau na kasuwa yana juya wajen kashi 20 cikin ɗari, wato wat 200. Faifan zoɓo fa? Masanan Tailan sun sami kashi 0.37 cikin ɗari, da suka gyara hanyar jiƙawa suka kai 0.70. Wato bai cika kashi ɗaya ba. In muka ɗauki rabin kashi ɗaya, wat 5 ke nan daga wannan fili. Saboda haka kafin zoɓo ya ba ka abin da faifan silikon na mita ɗaya ke bayarwa, sai ka shimfiɗa gilashi mita 40, wanda ya fi ɗaki biyu faɗi. Gilashin kuwa ba na taga ba ne, daga waje a ke kawo shi, kuma shi ne mai tsadar, ba rinin ba.

Na biyu, ƙarko. Duk wanda ya shanya jan zane a rana ya san rana tana cin launi. Faifanmu na Farfaru, da muka bar shi a waje, cikin 'yan kwanaki ya koɗe, ruwan aidin ya bushe, na'ura ta daina nuna kome. Faifan silikon na kirki kuwa masu yinsa kan ba da tabbacin shekara 25.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar tambayar Baba. Nawa ne zoɓon da aikin ke ci? Rinin da ke kama hodar siriri ne har ido ba ya iya auna kaurinsa. Kofi ɗaya da uwar nan ta jiƙa ya rina gilasanmu duka, ya ragu, har yara suka sa sukari a wanda ba mu taɓa ba suka shanye. Ko da a ce gobe an kafa masana'antar irin wannan faifai a Katsina, buhu kaɗan zai ishe ta aiki mai yawa. Ba ta inda wannan zai ɗaga farashin zoɓo a kasuwar Jibia. Wanda duk ya ce maka ka biya rajista don kamfanin wutar zoɓo, aljihunka ya ke nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Zoɓo yana da kasuwarsa ta gaskiya, amma ta sha ce. Daga Jihar Jigawa, musamman ta kasuwar Maigatari, da Kano da Katsina a ke tara shi a kai tashar jirgin ruwa, yawancinsa ƙasar Meksiko ya ke zuwa, inda su ma su ke jiƙa shi su sha kamar mu. Wannan kasuwa takan hau, takan sauka. An taɓa dakatar da shigar da zoɓon Nijeriya can na wani lokaci, waɗanda suka tara shi da yawa suka ji a jikinsu. Gero kuwa, ko farashi ya faɗi, yana cikin rumbu, yara za su ci tuwo.

TO, INA AMFANINSA?

Kada mai karatu ya ce ashe aikin banza ne. Ba haka ba ne. Faifan rini irin na masana'anta, wanda a ke yi da rinin da aka haɗa a ɗakin gwaji, ya ci gaba ƙwarai. A 2014 ya kai kashi 13 cikin ɗari, a 2022 kuma masanan Lausanne suka haura kashi 15. Yana da wata baiwa da ya fi silikon da ita: yana aiki da kyau a haske mai rauni, kamar na cikin ɗaki ko na ranar da hadari ya rufe sama. Ana kuma iya yinsa launi-launi, haske yana ratsa shi. A 2014 aka buɗe wani babban zauren taro a makarantar Lausanne wanda aka rufe bangonsa guda da irin wannan gilashi mai launi, faɗin mita 300, yana tare zafin rana yana kuma ba da wuta. A ƙasar Suwidin wani kamfani mai suna Exeger yana yin irinsa mai laushi, ana liƙa shi a jikin abin sauraren kiɗa na kunne don ya riƙa cin wuta da kansa. Wato ya sami gurbinsa a ƙananan kayan da ba su cin wuta da yawa. Bai kai ga jan ruwa daga rijiya ba.

Shi kuwa na rinin tsiro, babban amfaninsa a yau shi ne koyarwa da bincike. Ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan da dama sun yi gwaji da zoɓo da lalle da ganyaye iri iri. Akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, akwai kuma cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. Mun ga da idonmu abin da ɗan gilashin nan ya yi wa yaran Farfaru. Yaron da ya rufe shi da hula bai bar mu mun huta ba: me ya sa ja ya fi kore, me zai faru in an haɗa guda goma, ina wutar ta ke zuwa da dare. Irin waɗannan tambayoyi su ne mafarin ilimi.

Muna da abin koyi a maƙwabta. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan ƙasar Nijar, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana tun lokacin da mutane ke ganin abin wasa ne. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasarsa shekaru da yawa, jami'ar Yamai kuma sunansa ta ke ɗauke da shi. Faifan silikon ɗin ma da mu ke yabo, lokacin da aka fara nuna shi a Amurka a 1954, kashi 6 cikin ɗari kawai ya ke bayarwa, tsadarsa kuwa sai gwamnati. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari. Sannu ba ta hana zuwa. Amma abin da a ke bincike a kansa daban, abin da mutum zai jingina abincin iyalinsa a kansa daban.

ƘISHIRWAR WUTA GASKIYA CE

Mun san abin da ya sa labarin ya kama zukatan mutane da sauri. Mutanen kan iyaka sun sha wuya a 'yan shekarun nan. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Duk wanda abincinsa ke kan hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ya san abin da wannan ya jawo. A wannan lokaci kuma aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, 'yan'uwanmu na can suka zauna a duhu. A Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, masu noman rani a bakin kogin Gada da kewayen madatsar ruwan Jibia suka ga kuɗin man injin ban ruwa ya ninka. Ga kuma rashin tsaro da ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa abin da ke iyakar gonarsa zai zama wuta ya zama kuɗi, dole ya saurara.

Rana kuwa muna da ita. Ƙasarmu tana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya. A Nijar an buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da wata mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. Dukansu da faifan silikon su ke aiki. Abin da ya rage mana shi ne mu san yadda za mu sayi na kirki, mu kuma riƙe shi.

SHAWARARMU

1. Kada a tayar da gero ko dawa saboda zoɓo. A ci gaba da shuka yakuwa yadda iyayenmu ke yi, a iyakar gona da tsakanin kunyoyi. Ganyenta miya ne, zoɓonta kuɗi ne, gurguzunta daddawa ne. In an cire zoɓo a shanya shi a kan tabarma ko leda mai tsabta, ba a ƙasa ba, gama mai yashi ba ya daraja a wurin masu saye.

2. Kada a ba kowa kuɗin rajista a kan alkawarin da ba a ga takardarsa ba. A kai maganar wurin mai unguwa ko malamin gona tukuna.

3. Mai son wuta a gida ya fara da ƙarami. Faifan silikon mai wat 10 yana iya cajin waya biyu ko uku a yini mai rana. Kafin a biya, a sa mai shago ya fitar da shi rana ya auna a gabanka, gama ba kowace lamba da aka rubuta a bayan faifai ce gaskiya ba. A karɓi rasit.

4. A kafa faifai yana fuskantar kudu, a ɗan karkace, kamar digiri 13 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Kada inuwar reshe ko ta katanga ta taɓa ko da gefensa, gama inuwa kaɗan tana rage wuta da yawa.

5. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Ƙurar da ta kwanta a kan faifai ɓarauniyar wuta ce.

6. Kada a haɗa faifai da batir kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba. A ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga, kada kuma a bari ya ƙare ƙaf kullum. Yawancin solar da ta mutu a ƙauyukanmu batir ne ya mutu, faifan yana nan lafiya.

7. Masu noman rani da ke son famfon rana su haɗa kai mutum biyar ko goma su yi adashi. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya fin ƙarfin ƙungiya. A fara auna zurfin ruwan rijiya kafin a zaɓi famfo.

8. Malaman makaranta da ke son nuna wa yara wannan gwaji su tuntuɓe mu. Sai dai babba ne zai yi gashin gilashi, kuma kada a bari yara su taɓa ruwan aidin ko su kai shi baki.

Da muka gama bayani a Farfaru, dattijon nan ya ɗauki ɗan gilashin ya juya shi a hannu. Ya ce, "Wato Malam, wutar akwai ta, amma ba ta kai ta dafa ko shayi ba." Muka ce haka ne, Baba. Ya ce to shi zai shuka geronsa, ya zagaye shi da yakuwa kamar kullum. Ya roƙi a bar wa jikansa gilashin, shi ne yaron nan mai hula, muka bar masa.

A fitowa ta gaba za mu koma kan maganar takin gida da muka ajiye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.